Wanda Zai Haƙa Wa Inna Kabari

Inna ta rasu ranar Talata da safe, a tsakiyar Janairu, ina ɗebo mata ruwa daga rijiya. Na dawo na tarar ta juya fuska bango. Shekarunta tamanin da huɗu.

Abu ɗaya ta roƙe ni tun tana da baki: a kwantar da ita kusa da Baba, ƙarƙashin bishiyar nan mai farin ɓawo da ke ƙarshen makabarta. Da na buga waya gunduma, matar da ta ɗauka ta ce dusar ƙanƙara ta toshe hanya, sai Asabar motar share hanya za ta iso. In har lokacin ba mu binne ta ba, za su tafi da ita makabartar gari, inji ya haƙa, a sa lamba.

Na ɗauki diga da shebur. A bakin ƙofa na ci karo da Gwaggo Marfa, ƙanwar Inna, ta zo wankan gawa.

"Ina zuwa da wannan, Trofim?"

"Makabarta."

"Ajiye. Ɗa ba ya haƙa wa uwarsa kabari. So kake ta tafi tana ganin kai ka ƙosa ta shiga ƙasa?"

"Gwaggo, rami rami ne. Waye ya haƙa, waye bai haƙa ba, duk ɗaya."

"A wurinka. A wurinta fa?"

Ni ban yarda da irin waɗannan abubuwa ba. Aji huɗu na yi a makaranta, sauran a bayan doki na koya, kuma ban taɓa ganin mamaci ya dawo ya yi ƙorafi ba. Amma Inna ta yarda. Lokacin da Baba ya rasu ita ce ta ƙwace shebur daga hannuna.

Matsalar ita ce a gida goma sha ɗaya ne kawai hayaƙi ke tashi a ƙauyenmu, kusan duk tsofaffin mata. Namiji mai sauran ƙarfi wanda ba danginmu ba mutum ɗaya ne, Nikifor. Shekara tara ba ma magana. Na yanke ciyawar fadamar da ke hayin rafi, ya ce ta ubansa ce, na ce ya kawo uban ya shaida. Uban kuwa a lokacin bai cika kwana arba'in da mutuwa ba. Saniyar da na yanka wa ciyawar ta daɗe da zama nama.

Na same shi a rumfa yana faskare, yana tari.

"A'a. Mai fadama ne yau a gidana? Ciyawa ta ƙare ne?"

"Inna ta rasu."

Ya cire hula. Sanyi ya kama masa kunne amma bai mayar ba.

"Na ga Marfa ta wuce da tawul. To, faɗi abin da ya kawo ka. Ina so in ji da kunnena."

"Ka haƙa mata."

"Haka ake roƙo a gidanku?"

"Don Allah. Ka ɗauki fadamar."

"In yi me da ita? In ci?" Ya yi tari har ya dafa gungume. "Ba don kai zan yi ba, don uwarka Agafya ne. Amma da sharaɗi. Ranar da na faɗi, kai za ka haƙa nawa. Ba inji, ba lamba."

Na ce na ji.

Ƙasarmu a Janairu dutse ce, sanyi ya daskarar da ita. Ka kai mata diga, sai ta dawo maka da shi har kafaɗa. Don haka wuta ake hurawa a kan wurin, a kife mata tsohon kwanon rufi, a jira. In ƙasar ta narke tsawon tafin hannu, a kwashe garwashin gefe, a haƙa, a sake hurawa. Gwaggo ta ce itace kam zan iya ɗauka, shebur ne ban isa ba. Kuma ɗan mamaci ne ke kai wa mai haƙa abinci. Ni, da furfurata, na riƙa tafiya a dusar ƙanƙara da tukunyar miyar kabeji naɗe a bargo, ina kai wa Nikifor.

"Gishiri ya yi yawa," ya ce. "Kai ka dafa?"

"Gwaggo ce."

"To, daidai yake."

Rana ba ta daɗewa a wannan wata. Ranar farko bai kai gwiwa ba. Rana ta biyu da azahar ya wuce ƙasar da ta daskare, ramin ya kai masa ƙirji, sai na ga ya jingina da bango, leɓensa ya yi shuɗi. Shebur ya faɗi. Ban yi shawara ba, na zura ƙafa zan sauka.

Ya doke mini takalmi da ƙotar diga.

"Koma, jaki! Kwana biyu ina karya bayana, ka zo ka ɓata a ƙarshe? Miƙo shayi."

Na miƙa masa. Na tsuguna a bakin ramin ina riƙe masa kofin tsakanin kurɓa da kurɓa. Ban taɓa jin na zama banza kamar ranar ba. Daga baya na yi tunanin ko abin da tsofaffi ke nufi ke nan: a hana ka yi da hannunka, don dole ka je ƙofar wani.

Ya ƙarasa kafin duhu. Ranar Alhamis muka sa Inna kusa da Baba. Motar gunduma ta zo Asabar, ta koma ba kowa a ciki.

A hanyar dawowa daga binnewar na ce masa, "Naka na ji. Nawa fa? In na haƙa naka, waye ya rage?"

"Sai ka yi ƙoƙari ka riga ni," ya ce. "Kai ba ka saba riga mutane ba?"

Bana, kafin ƙasa ta daskare, na tara busasshen itace kaya uku a jikin shingen makabarta, na kife masa kwanon rufin. Nikifor ya zo wucewa, ya tsaya ya duba.

"Na wa ne?"

"Ban sani ba."

Ya zaro guda, ya auna nauyinsa a hannu, ya ce bai bushe sosai ba. Washegari ya kawo kaya biyu daga rumfarsa ya ƙara a kai.