Dutsen Taimamar Iyatu

Ranar da aka taso Iyatu daga ƙauyensu na gefen Dauran saboda 'yan bindiga, ba ta ɗauko tukunya ba, ba ta ɗauko zanen kirki ba. Dutsen taimamarta kawai ta ƙulle a bakin zane, aka ɗora ta a babur. Dutse ne ja-ja, bai fi tafin hannu ba. Marigayi mijinta ne ya tsinto mata shi a rafin bayan gonarsu, shekarar da ciwon gaɓoɓi ya hana ta taɓa ruwa, kuma hannunta ya goge shi har ya yi sulɓi. A Kaura Namoda, gidan autanta Armiya'u, ƙarƙashin filo yake kwana. Idonta ya yi yana, da murya take gane mutane.

Wata Talata kafin azahar ta laluba ba ta ji shi ba. Armiya'u yana tasha ana yi wa motarsa lodin gero zuwa Shinkafi sai matarsa Maijidda ta buga masa waya.

"Mun ɗaga filo, mun kakkaɓe tabarma, babu shi. Ni dai na ga ɗiyarka Karima da sahe tana cusa wani abu cikin jaka. Jiya tac ce an ce kowa shi zo da dutsi makaranta."

"Dutsi kuma? Gini za su yi?"

"Ni ina nis sani? Inna dai tana ta tambaya."

Ya bar lodin, ya tari ɗan kabu-kabu. Duk tsawon hanya yana lissafin abin da makarantar boko za ta yi da duwatsu, bai samu amsa ba.

A aji biyar ya tarar da tebur an tara duwatsu kashi uku, duk an wanke su tas. Malama Rahina, siririya mai tabarau, sabuwa ce a aikin, kuma tunda ta fara ba a taɓa samun uban da ya leƙo darasinta ba. Da ta ga Armiya'u a bakin ƙofa sai ta ɗauka sha'awar ilimi ce ta kawo shi. Baiwar Allah har da goge masa benci.

"Malama, dutsi na biɗo, wani ja..."

"Sannu da zuwa, Baban Karima. Ai iri ukku ne, bari ka gani." Ta ɗaga wani baƙi. "Wanga daga wuta ya hito. Can ƙarƙashin ƙasa zahi ya narka shi ya zama ruwa, da ya huce sai ya daskare."

Armiya'u ya dubi dutsen, ya dubi malamar. "Dutsi ruwa na?"

"Da can."

Nan kansa ya fara ɗaurewa. Tsohuwa ta yi shekara da shekaru tana gudun ruwa tana shafa dutse, yau ana ce masa dutsen ma ruwa ne.

"To wanda anka hana ma taɓa ruwa, in ya taɓa wanga hwa?"

"A'a, ba irin wannan ruwan ba."

"Ruwa iri nawa na?"

"Ai ko kai, ruwa ya hi komi yawa cikin jikinka."

Ya saci kallon damtsensa. Bai ga alama ba, amma bai yi musu ba, don yara duk sun zuba masa ido. Ita kuwa ta riga ta wuce kashi na biyu, wai waɗannan yashi ne da laka suka kwanta a kan juna har nauyi ya danne su suka haɗe. Na ukun kuma zafi da matsi ne suka sauya musu kama. Yana jin ta da kunne ɗaya, hannunsa yana juya duwatsu. Abin haushin, kullum yana ganin dutsen Inna, amma yanzu da aka jera masa jajaye wajen goma, ba zai iya rantsuwa a kan ko ɗaya ba.

Sai ga Karima, 'yarsa, ta taso daga bayan aji fuska fal murna.

"Baba, nau anka zaɓa! Malama tac ce duk ya hi kyau."

"Madalla. Ina shi?"

"Da shi mun ka gwada ƙarhi," in ji Malama Rahina, ta ɗauko guduma daga ƙarƙashin tebur. "Ka ga, kuzarin da ke cikin hannuna ya shiga guduma, guduma ta miƙa ma dutsi. Bugu biyu ya wargaje. Yara sun ka gani da idonsu yashi ne ciki, har tahi sun ka yi."

Armiya'u ya zauna a bencin da aka goge masa.

"Ya ɓace ke nan."

"A'a! Abin da nika koya musu ke nan. Abu ba shi ɓacewa, kama dai yaka canzawa."

"Bai ɓace ba?"

"Ko kaɗan."

"To ba ni shi."

Sai a lokacin ya samu sarari ya gaya mata dutsen na wace ce, da inda ya fito, da cewa ƙauyen yanzu ko akuya babu. Murnar ta zube daga fuskarta. Ta cire tabarau, ta mayar, ta ce ya biyo ta. Gindin bishiyar bedi ta kai shi, inda yara suke zubar da shara. Yashi ne dai irin na kowane fili, da sawun takalma a kai.

"Shina nan ciki," ta ce a hankali.

"Shina komawa dutsi?"

"Shina komawa. In ruwa ya kwashe shi ya kai wani wuri, wani ya hau bisa ya danne, bayan shekara dubu-dubu..."

"Malama, an kusa kiran azahar."

Karima ta fashe da kuka. Ya so ya yi faɗa, amma ya rasa wanda zai yi wa. Yarinya an ce ta kawo dutse ta kawo wanda ya fi kyau a gidansu. Malama kuma abin da ke cikin littafi ta yi. Ya koma ajin ya zaɓi ja guda daga kashi na biyu, mai ɗan sulɓi, ya sa a aljihu. A kan babur yana ta murza shi da tafi, ko zai ƙara laushi kafin su kai gida.

Ya durƙusa gaban tabarmar ya ce, "Inna, ga shi. Karima ta je da shi makaranta."

Iyatu ta karɓa. Ta juya shi a tafinta, ta bi gefensa da babban yatsa, ta kai shi hanci. Ta daɗe a haka. Armiya'u ya sunkuyar da kai yana jiran faɗa, ya ma shirya zai ce laifinsa ne. Sai ta yi bisimilla, ta buga tafukanta a kai, ta shafi fuska da hannuwa, ta yi sallarta a zaune. Har ya fara jin sanyi a ransa, yana tsammanin ba ta gane ba.

Da ta sallame ta shafa addu'a, sai ta juyo wajen da take jin numfashinsa.

"Auta, wanga na Kaura na."

"Inna, wallahi..."

"Bar shi, dutsi na, ya yi. Kak ku bugi yarinya." Ta tura shi ƙarƙashin filo. "Kai ko ka bar wahal da kanka da tambayar direbobi ko hanyar gida ta yi kyau. Nan ni ke."

Da ta zage shi da ya fi masa sauƙi. Ya fito tsakar gida wayarsa tana ta ƙara, ana nemansa a tasha, ya tsaya riƙe da ita bai ɗauka ba.