Inda Sarƙar Gatawa Ta Tsinke

Adda ungozoma ta faɗo zauren Sodangi ko sallama babu, mayafi a hannu, wayarta na ta tsuwwa kamar ɗan tsakon da shirwa ta sura.

"Ke Sadiƙa! Mi na yi miki? Saƙo guda na, in goge shi dawo, in goge shi dawo. Aljanu kinka zuba cikin akwatin ga?"

Sadiƙa ta fizge wayar. Saƙon da Sodangi, dattijon gari, ya aika ɗazu ne: an ga baburan 'yan bindiga sun taru a mashayar da ke bakin hanyar Isa, kada wata mota ta taso. Saƙon ya cika wayar daga sama har ƙasa, tana riƙe da ita wani ya sake faɗowa.

"Baba, Yari ya amsa?"

"Shiru kake ji," in ji Sodangi. "Mutanen gari duk sun samu. Daga Isa ko tari."

Yari ne sarkin tashar Isa, shi kaɗai ke iya tsayar da motocin 'yan kasuwa, waɗanda ke tasowa a jere da zarar an sallame la'asar. Inna, mahaifiyar Sadiƙa, na can. Da sassafe ta kora tumakinta kasuwa saboda kuɗin fansar da mutanen daji suka nema a kan Abdurra'uf, yayan Sadiƙa, wanda suka ɗauke a gona. Inna ba ta da waya, kuma duk motar da ta samu za ta shiga.

Akwatin na nan a kusurwar zaure, bai fi kwanon sha ba, igiyarsa ta bi bango ta hau tankin ruwa inda aka kafa eriya. Sadiƙa ce ta haɗa shi bayan ta dawo daga karatun kwamfuta a Sakkwato. A Gatawa kira ba ya shiga, sai dai saƙo, shi ma sai an yi sa'a, amma akwatin yana kamo sabis daga can sama. Ƙwaƙwalwarsa ƙarama ce, saboda haka da ta rubuta masa umarni da yaren kwamfuta na C, sai ta jera mutane a sarƙa. Kowane zobe na riƙe da abu biyu: lambar wayar mutum ɗaya, da adireshin zoben da ke biye. Akwatin kansa zoben farko kawai ya sani. Daga nan yake bi, wannan ya nuna masa wancan, har ya iske wanda bai nuna kowa ba, ya san ya kai ƙarshe. Baya kuwa babu hanya.

Suna babu a ciki. Takarda ma babu, don a ƙasar nan takarda mai sunayen masu ba da labari likkafani ce. Kowa da hannunsa ya danna lambarsa ya tafi. Abu ɗaya dattawa suka kafe a kai: sai an jera mutane bisa girma, don ba za a ce saƙo ya riga isa ga ƙarami kafin babba ba. Haka ta yi ta cusa zobba a tsakiya, wannan gaban wancan, wancan bayan wannan. Mutanen gari suka zo a gaba, sai Abdurra'uf mai kula da 'yan sintiri, sai direbobi da mutanen Isa.

Abdurra'uf. Ta dafe kai.

Da wayarsa aka tafi da shi, dole ta cire shi, in ba haka ba duk gargaɗin da aka aika a hannun ɓarayin zai sauka. Cire mutum aiki biyu ne: a ɗaura na gabansa da na bayansa, sannan a saki gurbinsa. Ranar tana cikin yi Inna ta shigo tana kuka, ta zube a kanta. Sadiƙa ta saki gurbin. Ɗaurin ne ba ta yi ba.

Yau da safe kuma ta shigar da Adda. Akwatin ya nemi gurbin da babu kowa, ya ba ta na Abdurra'uf. Sannan ya bi sarƙa yana neman na ƙarshe don ya maƙala ta, tsohon adireshin ya kai shi kan Adda ɗin, ya ga ba ta nuna kowa, ya ɗauka ita ce ƙarshe. Sai ya ɗaura Adda da Adda. Yanzu kewaya yake a kanta kamar jakin da aka ɗaure a turke, duk wanda ke bayanta ya ɓace masa.

"Ni na tsinka ta, Baba," ta ce.

"To a kashe shi a kunna mana. Haka nika yi ma rediyona." Sodangi ya miƙa hannu wajen batir.

"Kada ka taɓa!"

Ihun da ta yi ya sa tsohon ya janye hannu kamar ya taɓa garwashi. Ba ta taɓa ɗaga masa murya ba.

"Ka yi haƙuri, Baba. Lambobin suna ciki har yanzu, hanyar zuwa gare su ce ta ɓata. In wuta ta yanke, sun tafi ke nan har abada."

Ta dubi 'yar fitilar batir. Ta koma ja. Tun jiya hadari ya rufe sama, sola bai sha rana ba, ga akwatin na ta zubar da ƙarfinsa a kan wayar Adda. Ta buɗe kwamfutarta, ta soka igiya, ta tsayar da shi cak ba tare da ta kashe shi ba. Wayar Adda ta yi shiru.

"Alhamdu lillahi," in ji Adda, tana fifita da mayafi. "Na ɗauka sai ta haihu."

Babu wanda ya yi dariya. Sadiƙa ta buɗe cikin ƙwaƙwalwar akwatin, lambobi suka zubo a fuskar kwamfuta, jeri bisa jeri, kamar an watsa gero a tabarma. Da a ce bisa zuwansu aka jera mutane, da zoben da take nema na nan maƙwabtaka da gurbin yayanta. Amma girman da dattawa suka nema ya warwatsa su, na kusa a sarƙa yana can nesa a ƙwaƙwalwa. Ta fara tsintar zobban da suka ɓace ɗaya ɗaya, tana duba wanda kowanne ke nunawa. Dabarar ɗaya ce: zoben da babu mai nuna shi, shi ne kan abin da ya tsinke.

Gumi ya jiƙa mata hijabi. Yatsunta na zamewa. Ta yi kuskure a wani adireshi ta koma baya. Can bayan gari gero ya kai tsayin mutum a kan babur, ta san babu direban da zai hango komai sai ya faɗa hannun ɓarayin.

"Ɗiyata, rana ta karkata hwa," in ji Sodangi daga bakin ƙofa.

"Na sani, Baba."

"Ladan ya fito da buta."

"Na ce na sani!"

Sai ga shi. Zobe guda, babu mai nuna shi, shi kuma yana nuna wani, wanin ya nuna wani, har ƙarshe. Ta ɗaga hannu za ta ɗaura, sai hannun ya tsaya a sama.

"Baba, wa ke bin Abdurra'uf?"

"Yari mana." Ya shafa gemu. "Ko kuwa Bawa? Ai sai da sunka kusa dambe kan wanga zance. Bawa ya ce shi ya riga Yari riƙa sitiyari, Yari ya ce shi ad da tasha."

"Wa anka sa gaba?"

"Wallahi na manta yadda munka raba su."

Adda ta tofar da yawu gefe. Bawa direba ne, da rani aka kama shi yana kai wa mutanen daji mai da burodi, ya tsere cikinsu kafin a ɗaure shi. Sadiƙa ta cire shi a lokacin, kuma daidai ta cire shi. Amma sakin gurbi ba ya share abin da ke ciki. In ba a ba wani gurbin ba, lambar Bawa na nan kwance, tana nuna wanda ke bayansa, babu mai nuna ta. Daidai da wannan zoben.

In zoben na Yari ne kuma ta tsallake shi, saƙo zai isa ga direbobi a warwatse, wani na cikin hayaniyar kasuwa, wani ya bar waya a caji, babu mai ikon rufe ƙofar tasha. In na Bawa ne kuma ta ɗaura shi, ta aika wa ɓarayi da hannunta cewa a Gatawa akwai mai ganinsu.

"Babu wanda ya san lambar Yari da ka? Adda? Baba?"

"Ke kinka ce kada kowa ya riƙe ta wani," in ji Adda a hankali.

Gaskiya ne. Ita ta ce.

Ta matso da fuska. Akwai ɗan gurɓata a gefen zoben, irin tabon da akwatin ke bari a gurbin da aka saka. Ko kuwa kewayen da ya yi ta yi ne ya taka wurin? Ba ta da tabbas. Da lokaci, da ta bi diddigi ta gano. Fitilar batir ta fara ƙiftawa.

Ladan ya ɗaga murya.

Sadiƙa ta ga Inna a zuciyarta, zaune a kujerar baya, ta ƙulle bakin zane, tana jan carbi don ɗanta. Ɗa ya tafi, uwa kuma ta bi?

"Baba, za ni ɗaura shi. In Bawa na, ni na jawo."

"Mu munka jawo," in ji Sodangi. "Ɗaura."

Ta goge adireshin da Adda ke nuna kanta da shi, ta rubuta na wannan zoben, ta karanta shi da ƙarfi, ta sake karantawa, don harafi ɗaya ya kauce akwatin zai faɗa inda babu kowa ya mutu. Ta sake shi. Ya ci gaba daga inda ya tsaya. Wayar Adda ta yi tsuwwa sau ɗaya ta yi shiru. Sai fitilar aikawa ta ƙifta, ta huta, ta ƙifta, ta huta, kowace ƙiftawa mutum guda. Sadiƙa ta kifa tafin hannu a kan batir kamar ɗuminta zai ƙara masa rai.

"Wai yanzu ni ag gaban sarkin tasha?" in ji Adda cikin raɗa. "Kada dai Yari shi ji."

Fitilar ta yi ƙiftawar ƙarshe ta tsaya. Ya kai ƙarshen sarƙa.

Sodangi bai tafi masallaci ba, nan ya shimfiɗa buzu ya ta da salla. Sadiƙa ta kasa tashi. Ta zuba wa fuskar kwamfuta ido har hawaye suka rufe mata gani. Aka sallame a masallaci. Aka fara fitowa. Shiru. Yanzu ne ake tayar da motoci a Isa, yanzu ne 'yan kamasho ke buga bayan mota.

Saƙo ya shigo.

"Na rufe tasha. Ba mai fita yau. Ku gaya ma Sadiƙa tsohuwarta na wurin iyalina. Yari."

Adda ta rangaɗa guɗa ta toshe bakinta da kanta. Sadiƙa ta zame ta kwanta a ƙasa tana kuka tana dariya, Sodangi na ta hamdala. Sai da numfashinta ya dawo ta tashi zaune, ta duba lambar da amsar ta fito.

Ba ta zoben da ta ɗaura ba ce. Ta wanda ke biye da shi ce.

Ashe Bawa ta ɗaura. Ta fara kwafe lambobin cikin kwamfutarta da sauri kafin batir ya ƙare. Ba ta kai rabi ba ta ji ƙarar babur ya tsaya a ƙofar zaure, aka kashe shi a natse.

"Salamu alaikum, masu gida."

Baƙo ne, dogo, siriri, da murmushinsa, babu wanda ya taɓa ganinsa a Gatawa. Ya cire takalmi kamar mai ladabi, ya durƙusa ya gaida Sodangi. A hannunsa na dama waya ce a kunne, saƙonsu na haske a fuskarta. Idonsa ya bi igiyar da ta hau bango, ya dawo da shi kan akwatin, sannan kan Sadiƙa.

"Bawa na gaishe ku," ya ce. "Ya ce in tambaya, wace ce mai aikin ga?"

A kansa hular Abdurra'uf ce, wadda Sadiƙa ta ɗinka masa da hannunta.