Biron Kawu

A wurin aikinmu 'Yar Barkono ake ce mini, kuma ban taɓa musun sunan ba. Shekara tara ke nan ina kamfanin wanki, mu ne muke wanke zannuwan gado da tawul na otal-otal. Ni ce a bakin babban injin guga, in tura zane ta nan ya fita ta can a miƙe, zafi kuwa kamar a bakin murhu. Ba albashi ne ya zaunar da ni a wannan zafin ba, inshorar lafiya ce. Maigidana tela ne, yanar ido ta rufe masa na dama, ta fara taɓa na hagu. Mutumin da a da yake zura zare a allura yana hira, ya koma sai ya kira ni in zura masa. Likita ya sa ranar yi masa aiki, kuma da katina na inshora za a yi.

Shugaban sashenmu wani dattijo ne, Kawu Biro. Biro uku ne kullum a aljihun rigarsa. Shi yake rubuta jadawalin aiki, in kana son musanya rana wurinsa za ka. Duk shekara kuma idan takardun inshora suka zo, shi yake cike mana gaba ɗaya, mu ashirin da shida, don hannunmu a jiƙe yake kuma hutunmu minti ashirin ne. Namu kawai sa hannu a inda ya ɗora yatsa. Haka na tarar ana yi, haka muka ci gaba.

Bana kamfani ya sauya masu inshora. Ranar da aka yi taron bayani ba na nan, na kai maigidana awon ido. Da na dawo na tambayi Doguwa, ƙawata mai ninke tawul, me aka ce. Ta ce wai komai ya yi tsada, yanzu tsari biyu ne, ƙarami da babba, sauran kuma ba ta ji ba saboda ƙarar inji. Kawu ya kawo takarda, ya ɗora yatsa, na sa hannu na koma bakin guga.

Ƙarshen wata na buɗe takardar albashi, sai da na sake murza ido. Abin da aka cire mini na inshora ya kusa ninkawa. Na leƙa ta Doguwa, nata ɗan kaɗan ya ƙaru. Ashe a babban tsari tsohon nan ya jefa ni, ni da nake lallaɓa albashi kamar mai lallaɓa sabulun ƙarshen wata.

Ban tsaya cire safar hannu ba. Na same shi a gaban allon jadawali, mutane cike da wurin. Ya ɗaga hannu ya ce, "'Yata, tsaya ki ji." Ina fa! Wa ya ga tsayawa. Na tambaye shi ko shi yake ciyar mini da gida. Na ce mun gane, masu inshora suna ba shi nasa kason a kan kowane kai. Wannan maganar har yau in na tuna ta sai kunya ta rufe ni. Ban bar shi haka ba, na zare biro ɗaya daga aljihunsa na jefa a bahon bilic. Ya juya ya ci gaba da rubutu da na biyun.

Daga nan ofis na wuce. Matar ofis tana kan waya, ta miƙo mini takardar sauya tsari, ta nuna mini tiren da ake ajiyewa. Na cike da hannuna, na sa alama a kan ƙarami har biro ya kusa huda takardar, na fito ina jin kaina. A gida maigidana ya ce da na saurari dattijon nan, babba ba ya abu banza. Na ce masa da ma tela da mai biro duk jirgi ɗaya ya kwaso su. Mako uku ban gaida Kawu ba. In ya biyo ta bakin injina sai in sami zanen da zan kakkaɓe.

Ranar aikin ido muka isa asibiti da hantsi. Maigidana ya yi aski, ya sa rigar da ya ɗinka wa kansa, ɗinkin aljihunta a karkace amma ban gaya masa ba. Na miƙa kati ga ma'aikaciyar da ke karɓar mutane. Da ta ga sunan kamfaninmu ta tambaye ni wane tsari nake. Na ce ƙarami, da bakin nan nawa, har da ɗan taƙama.

Ta janye hannu daga kan kwamfuta. Ta yi mini bayani a hankali, irin na wadda ta gaji da maimaita magana ɗaya. Ƙaramin tsari ma'aikaci kaɗai yake ɗauka. Miji ko mata za su iya ganin likita, amma ban da tiyata. Ta ce a watan nan kaɗai mutum nawa suka zo suka koma. Ta faɗi abin da za mu biya in da kanmu ne, kuɗin da ko an sayar da kekunan ɗinkinsa biyu ba za su kai ba.

Babu wanda zan yi wa masifa, wannan karon ni na yi da hannuna. Ni na cire mijina, na danna biro, na fito ina jin kaina. Na juya na dube shi yana zaune a kan benci, ya karkata kai yadda yake yi don ya gan ni da ido ɗaya. Ya ji komai.

Ya ce, "Mu je gida. Ai na hagun yana nan tukuna."

Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Na fara tattara takardu hawaye na ɗiga a kansu. Ma'aikaciyar ta ce in dakata ta duba dai, tun da ga katin a hannunta. Ta danna, ta jira, ta matso da fuska kusa da gilashin kwamfutar.

"Baiwar Allah, ai ke a babba kike. Ga sunan maigidanki nan."

Na ce ta sake dubawa. Ta sake. Na ce ko wata ce mai irin sunana, ta juyo mini da kwamfutar na ga hotona, wanda aka ɗauka ranar da na yi faɗa da mai hoton. Sai na zauna a ƙasa, a kan tayil, a gaban jama'a, ina ta Alhamdu lillahi. Ban san yadda aka yi ba, kuma a lokacin ban damu in sani ba. Kafin azahar aka fito da shi da auduga a ido yana tambaya ko na ci abinci.

Bayan kwana biyu na koma aiki da kwalin biro a jaka. Na sami Kawu a gaban allonsa, na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa kamar jiya muka rabu. Na ba shi labarin asibiti, na ce abin da ban gane ba shi ne ina takardata ta shiga. Ya sa hannu a aljihu, bayan biro biyun da suka rage, ya zaro ta a ninke. A samanta matar ofis ta rubuta da jan biro cewa babu lambar ma'aikaci, a mayar wa shugaban sashe.

Lambar ma'aikaci! Shekara tara ina wurin nan ban san ina da wata lamba ba, don Kawu ne yake rubuta ta.

Ya nuna mini jadawalin. Ashe duk wanda ya nemi musanya rana don zuwa asibiti, sai ya sa ɗan ɗigo a gefen sunansa. Da takardun bana suka zo, ya zauna ya karanta littafin masu inshora tun daga bango har bango, ya bi ɗigon nan ya raba mu. Ni ɗigona bakwai. Ya ce waɗanda ya sa a ƙarami su ne suke damunsa yanzu, irin su Doguwa, don ciwo ba ya sallama. Baɗi zai karanta wa kowa a fili, kowa ya zaɓa da kansa, shi ya gaji da ɗaukar rayukan mutane a aljihu.

Na ce to me ya hana shi gaya mini tun farko.

"Na ce ki tsaya ki ji."

Doguwa ta tuntsire da dariya a bayan tulin tawul, na harare ta amma babu ƙarfi a hararar. Na roƙi gafararsa a kan maganar kaso, a gaban mutanen da na faɗe ta a gabansu, na miƙa masa kwalin. Ya buɗe, ya zaɓi ɗaya, ya gwada a tafin hannunsa. Sannan ya shimfiɗa takardata a jikin allo ya ɗora bakin biron a kan gurbin da na bari.

"Har gobe ana karɓa. In cike miki lambar?"

Na fizge ta na cusa a aljihu. Kuɗin nan har yanzu ana cire su, kuma duk wata sai na yi tsaki. Amma ran nan da na koma gida da yamma na tarar da maigidana a bakin taga, an cire audugar, ya zura zare da kansa yana farke aljihun rigar nan. Ya ɗago ya tambaye ni yadda aka yi na bar shi ya shiga mutane da wannan karkataccen ɗinki.