Sunayen Manya a Sama

Mako uku Muslimat ta yi tana shigar da sunaye a kwamfutar ƙungiyar manoma: suna a sahun farko, ƙauye a na biyu, unguwa a na uku. Mutum ɗari uku da sha biyu, kowa da buhunsa na irin masara. A da da hannu ake rubuta wa kowane buhu suna, a kwashe kwana huɗu ana fama. Ita ta miƙe a taro ta ce da difilomarta za ta buga takardun mannawa duka cikin awa ɗaya. Dattawa suka yi mata dariya, kuma ba ta manta ba.

Ranar Laraba da hantsi ta tayar da janareta, ta haɗa jadawalin da takardar bugu, firinta ya shiga fitar da su. Dole motar rabo ta tashi da azahar. Hadari na haɗuwa a gabas, in ruwa ya riga su sauka hanyar Kuyello ta rufe ke nan, shuka ta wuce mutane.

Japheth direba ya ɗauki takarda ɗaya yana dubawa.

"Malama, yaushe Bakoji ya koma Tabanni? Shekara goma ina kai masa kaya rugarsu ta bayan Kuyello."

"Kwamfuta ba ta kuskure, Japheth."

"To madalla. Ga Helen matar fasto ma an mai da ita ruga. Allah ya sa ta iya tatsa."

Ta fizge takardar, ta buɗe jadawalin. Ƙauyuka na nan yadda ta bar su, amma sunaye sun sauya wuri, dattawa duk sun hau sama. Kowa ya sauka a garin wani.

Sai ga Baba Audi, shugaban ƙungiya, ya shigo yana gyara hula.

"Baba, wa ya taɓa kwamfutar nan?"

"Ni ne, jiya da kika tafi la'asar. 'Yar nan, a jere ake kiran suna wurin rabo. Kin sa Sadiq, wanda aka raɗa wa suna a gabana, sama da Alhaji Yusha'u! Na yanke na manna, yadda kika koya min."

"Sunayen kaɗai ka matsar, Baba. Ka bar garuruwansu a baya."

"Ai kowa ya san garinsa."

"Buhu bai sani ba!"

Japheth ya juya baya, kafaɗunsa na rawa. Muslimat ta duba kayan aikinta. Takardar mannawa da ta rage ta bugu ɗaya ce tak, man janareta ya kusa ƙarewa. Ta zaro filashin da ta ajiye jadawalin asali a ciki daga jaka, ta soka a kwamfutar.

"In za ki mai da yara sama, a ɗauko alƙalami a koma yadda aka saba," in ji Baba Audi.

Alƙalami! Ta gwammace ta kwana uku ba ci da ta ji wannan dariyar karo na biyu. Ta jawo masa kujera, ta buɗe sahu na huɗu a jadawalin asali.

"Zauna, Baba. Zan karanta suna, ka ce min ɗaya in dattijo ne, biyu in magidanci, uku in yaro."

Aka fara. Baba Audi ba ya faɗin lamba sai ya ba da tarihin uban mutum. A kan Abdulkahar kaɗai ya yi minti biyar, wai furfura ce da shi amma ba shekaru. Muslimat ta ci gaba da dannawa. Da suka kai ƙarshe ta jera layukan gaba ɗaya bisa lambar, kowane suna ya tashi da ƙauyensa. Ta sake bugawa, ta miƙa wa Japheth shafin farko.

"Bakoji ya koma gida," ya ce. "Helen ma ta tsira."

Ana kiran azahar aka manna ta ƙarshe, janareta ya yi tari ya mutu. Motar ta fita ana tsawa daga nesa.

A bakin ƙofa ta jiyo Baba Audi yana gaya wa Alhaji Yusha'u, "Yarinyar na da ƙoƙari, amma sai da na gyara mata."

Muslimat ta koma teburinta. Da sauran cajin da ya rage ta sa wa kwamfutar lambar sirri, ta rufe ta, ta sa a jaka.