Ƙofofi Masu Wushirya

Ranar da aka sallami 'yata Auta daga kamfanin yanka katako, ni na fi ta shiga damuwa. Ita ta ajiye jaka ta wanke fuska. Ni kuwa na kasa zama, sai kai da komo nake tsakanin ƙofar ɗaki da bakin famfo.

"Manaja ya ce mutum ɗaya ya isa," in ji ta. "Dogo ya gaya masa wai aikinsa nake kwafa."

Dogo abokin aikinta ne. Su biyu ke zana ƙofofin kabad a kwamfuta, inji ya yanka. Mutumin da ya sha cin abincin gidan nan har da neman ƙari! Na ɗauko makullin mota.

"Sai ina, Malam?" uwarta ta tare ni. "Da wannan gwiwar za ka yi dambe?"

"Ko da rarrafe."

Auta ta jawo mini kujera. "Baba, in ka shiga motar wani direba, me kake fara yi?"

"In gyara kujera da madubi."

"To haka manhajar zanenmu take. Kowa yana da ɗan fayil nasa. Da ka buɗe ta, sai ta karanta naka, ta gyara maka zama. A nawa na rubuta umarni da yawa, har da wanda ke ƙara kaurin bakin zarto a kowane awo, don kada abin da zarto ya ci ya fita daga jikin ƙofa."

"Na Dogo fa?"

"Layi ɗaya ne: je ki karanta na Auta. Ni na rubuta masa yana sabon zuwa, lokacin da bakinsa ba ya rabuwa da Yaya, Yaya. Ya manta."

Ta ce in ma'aikaci ya tafi, a ƙarshen wata mai kula da kwamfutoci yakan goge duk abin da ke ƙarƙashin sunansa. Manhajar kuma in ta nemi fayil ta rasa, ba ta cewa uffan, aiki take ci gaba da yi. Ta ɗauki waya. "Bari in gaya masa ya kwafe kafin a goge."

Na dafe wayar da tafin hannuna.

"Ai ke kike kwafar nasa. Me zai yi da kwafin kwafi?"

"Malam, ka ji tsoron Allah," in ji uwarta.

"Ina ji. Ban ce ta taɓa komai ba. Shiru kawai na ce."

Auta ta dube ni, sannan ta janye hannu.

Jiran bai zo mini da sauƙi ba. Ina tuƙi ina saƙa da warwara. In Dogo ya tuna fa? In aka ce ita ta lalata musu? Sau nawa na wuce ta gaban kamfanin ba gaira ba dalili, ina leƙen ƙofa kamar mai bikon mata.

Wata la'asar aka yi sallama. Manaja ne, yana gumi, da ƙofar kabad a hammata. Wani otal ya ba su aikin ɗakunansa duka, an yanka, an kai, an ɗaura. Kowace ƙofa ta gaza, tsakaninta da 'yar'uwarta wushirya. Dogo ya rantse injin ne, sai da mai kula da kwamfutoci ya buɗe fayil ɗinsa ya nuna musu layin nan ɗaya, ga shi na Auta an riga an goge.

"Baba, a taimaka a ba mu Auta."

Na bar shi a tsaye cikin rana na tafi neman tabarma, ban yi sauri ba.

"Za ta koma," na ce, "in ita ta yarda. Amma Dogo zai tsaya gaban ma'aikata ya karanta layin nan da bakinsa. Da ƙarfi."

"Zai karanta."

"Ina gefe."

Na je kuwa, cikin rigata ta fita kunya. Dogo ya karanta ƙasa-ƙasa, na ce kunnena ɗaya ba ya ji, ya maimaita.

Ƙofar da manaja ya bari na yi mata ƙafafu. A kanta nake zama yanzu ina jiran Auta ta taso daga aiki.