Tuwon Madara Mai Ƙwanji

Sati uku da tarewar Bashira a Ƙofar Guga, amma har yanzu matan layin ba su wuce "ina kwana, amarya" da ita ba. Ita kuwa a gidan yawa ta taso, shirun nan yana damunta ƙwarai. Mijinta Hadi in ya tashi daga ofis gidan motsa jiki yake zarcewa, ya yi ta ɗaga ƙarafa har ya jiƙe sharkaf, ya dawo ya kaɗa garin furotin cikin ruwa ya shanye a tsaye. Garin yana cikin wata ƙatuwar baƙar roba a saman firij. Ya taɓa yi mata bayani cewa ruwan da ke tsatsowa in an yi cuku ne ake busarwa, yana taimaka wa mai neman ƙwanji.

Ranar Laraba da hantsi, Hajiya Furera, maƙwabciyarsu da duk layin ke jin maganarta, ta miƙo mata kwanon dambu ta kan katanga. Bashira ta ci har da lashe cokali, sannan ta tsaya tana kallon kwanon. Kwano ba ya komawa wayam, kuma abin da amarya ta fara mayarwa shi za a daɗe ana zancensa.

Tuwon madara za ta yi, shi ne bai taɓa ba ta kunya ba. Ta ɗora sukari a wuta. Sai da ya fara danƙo ta buɗe gwangwanin madara, ta tarar abin da ya rage bai kai cokali biyu ba. Ta dubi tukunya, ta dubi saman firij.

"To, ai shi ma ɗan gidan madara ne," ta ce a ranta, ta antaya ludayi shida.

Ƙamshi kam ya yi. Ta murza, ta yanka, ta ɗanɗana da zafinsa ta ji laushi, ta jera a kwano ta miƙa. Sai bayan azahar ta ɗauki wani da ya huce. Ta tauna, ta tauna, ya ƙi mutuwa a baki, sai ka ce robar silifa. Ta zauna a bakin gado, hannu a ka.

Da la'asar sai ga sallamar Hajiya Furera. Aka gaisa, aka tambayi gida da gajiya da baƙunta, Bashira na amsawa kanta a ƙasa.

"Ɗiyata, mi kika sa cikin abin nan? Alhaji tun azahar yake tauna guda ɗaya, ya ce in tambayo ko sai gobe ake haɗiyewa."

"Hajiya, ki yi haƙuri, madarata ce ta ƙare." Ta nuna robar. "Garin maigidan ne, na masu ɗaga ƙarfe."

Daidai nan Hadi ya shigo da jakarsa a kafaɗa, ya durƙusa ya gaida Hajiya. Ta ƙare wa damatsansa kallo.

"Au, ashe abin da ke kumbura ka ke nan? Ni na ɗauka girkin amarya ne! Shi ya sa ya ƙi taunuwa, tuwon ma ƙwanji ya yi."

Hadi ya leƙa robar, ya ga ramin da aka yi mata. "Hajiya, na kwana shida ne fa ta aika maku!"

"To sai ka zo ka karɓa wurin Alhaji, yana nan bai ƙare ba."

Dariya ta ƙwace wa Bashira, ta toshe baki da mayafi. Hajiya ma ta yi har da share hawaye, sannan ta dafa kafaɗar Bashira ta miƙe.

"Amaryar da ta ƙi maido min kwano wayam ta san gida. Asabar akwai suna nan layin, gidan Rukayya, mu ke girki. Ki zo da wuri."

"In zo da mi, Hajiya?"

"Da wuƙarki. Albasa za ki yanka, tukunya kam ba yanzu ba."