Yajin Lubabatu a Dutsen Shafa

Shekara ashirin da shida Lubabatu ta yi a unguwar Sa'alaba, amma har yau ba ta yarda akwai abincin Jidda da zai ciwu ba yaji ba. Duk inda ta sa ƙafa ƙullin yajinta na cikin leda, kuma a ledar nan take ajiye iƙamarta, katin zamanta a ƙasar. Hujjarta ita ce tana iya manta kati, amma ba ta taɓa manta yaji ba. Mijinta Abduljalil ya yi mata tsiya har bakinsa ya gaji.

Ran Asabar 'yarsu Razan ta kwashe su a mota zuwa dutsen Shafa, bayan Ɗa'ifa, su sha iska. Suka bi wata 'yar hanya tsakanin itatuwa, Lubabatu na haki tana mitar gwiwa. Da ta zauna kan falalen dutse ta hango gajimare a ƙarƙashinta, sai mitar ta ɗauke. Wurin ya burge ta, faɗa ce kawai ba za ta yi ba.

Aka shimfiɗa darduma, aka buɗe kaza da shinkafa. Ciro ledarta ke da wuya wani gwaggon biri ya diro ya fizge. Biran dutsen nan masu yawon shaƙatawa sun lalata su, duk leda a wurinsu abinci ce.

"Innalillahi! Abu Razan, iƙamata!" Lubabatu ta ƙwala wa mijinta kira.

Gobe take da ganin likitan gwiwa, wata huɗu tana jiran ranar, kuma ba kati ko kallon mutum ba a yi.

"Ummi, la, kar ki bi shi, cizo yake!" in ji Razan, tana riƙe mata abaya.

Abduljalil ya jefa masa cinyar kaza. Ɓarawon ya cafke da hannu ɗaya, ledar na ɗayan, ya je ya zauna a bakin kwari, inda abu in ya faɗa sai dai labari. Ya yage ledar, ya dumbuzi yajin, ya kai baki.

Atishawar farko har dutse ya amsa. Ya murza ido da hannun yajin, ya yi ƙara, ya yi wurgi da komai ya arce. Katin ya faɗo kan dutse, taku biyu da bakin kwarin.

Razan ta rarrafa ta ɗauko shi, ya yi jawur. Lubabatu ta rungume shi tana hamdala, dariya da hawaye a haɗe, har gwiwar ta manta.

"Halas, shi ke nan, Umm Razan," Abduljalil ya ce a hankali, "na janye maganata kan yajin nan."

Ta kai katin saitin farantinsa, ta karkaɗe sauran yajin a kan shinkafarsa. Ya cinye tas, idonsa na ruwa.